Irin Kuɓewar Inna a Bayan Jarwal

Da za mu bar gida, Inna ta ƙulle min irin kuɓewa a bakin zane, gauraye da toka don kada ƙwari su taɓa shi. Gajerar kuɓewa ce mai yauƙi, wadda ta gada wurin uwarta. Muka sauke faralin aikin hajji, guzurin komawa ya ƙare, muka zauna. Maigidana yana dako a kasuwa, ni kuma ina ɗakinmu na langa-langa a kan dutsen bayan unguwar Jarwal, ina jin haushin kuɓewar garin. Doguwa ce siririya, ka kaɗa har hannunka ya gaji, miya tana nan tsululu.

Ni 'yar manoma ce, ban ga abin da za a koya min ba. Da lissafina ya nuna damina ta faɗi a gida, na ɗebo ƙasa daga kwari a kwano, na haɗa da kashin awakin maƙwabta, na tayar da kunya kyakkyawa, na shuka a bisa. Tsiro ya fito, rana ta soye shi. Na sake, ta sake. Farin gishiri ya fito a kan kunyar. Da na kwance ƙullin, abin da ya rage bai rufe tafin hannuna ba. Tsoro ya kama ni, domin in wannan ya tafi babu inda zan samo wani.

Akwai wani dattijo ɗan Yaman da ke kawo mana ruwa a garwa biyu. Ashe manomi ne a ƙasarsu, fari ya koro shi. Ran nan ya ajiye garwa, ya daɗe yana kallon kunyata.

"Ya Hajja, wannan kabarin waye?"

"Gona ce, ya Ammi," na ce, raina a ɓace.

"Kin ɗaga ta sama don rana ta ji daɗin ci? A ƙasarku ruwa kuke gudu. Nan kuwa moya, ruwan nan, ɓoye shi ake yi."

Na so in ba shi amsa, amma na tuna ƙullin, na haɗiye. Ya karɓi guntun ƙarfen da nake noma da shi, ya rushe kunyar, ya haƙa rami a gindin katanga inda inuwa ke sauka bayan azahar. Ya ce in binne wani tuluna da ya tsage a tsakiya, in riƙa cika shi, ƙasa ta sha a hankali. Ya kuma ce in manta da watannin garinmu, in jira zafi ya karye.

Jiran ya fi haƙan wuya, amma na jira. Da na shuka, kowa a ɗakin nan ya koma alwala a cikin tasa. Ruwan wankin shinkafa ma tulu yake tafiya. Na kewaye ramin da tsohon buhu saboda awaki, na yi faɗa da masu awakin har aka san ni a unguwa.

Tsiron ya tsaya, ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya gajeru masu ƙiba irin na bayan ɗakin Inna. Na tsuguna na yi kuka.

Maigida ya shigo da garin masara yana murmushi.

"Yau dai a kaɗa mana."

"Malam, ka yi haƙuri. Bana ba ta ci ba ce."

Ya yi fushi, ni ma yawuna tsinkewa yake, amma ban tsinki ko ɗaya ba har suka bushe a jikin karan. Na fasa, na raba wa matan unguwa masu tsohon tulu, don kada irin ya sake rataya a hannuna ni kaɗai.

Da na miƙa wa dattijon nasa, ya ce ba zai kai gida ba, ƙwari ke cinye musu iri a hanya. Na ɗebo toka a murhu na gauraya, na ƙulle masa a tsumma kamar yadda Inna ta yi min.