Ranar da Hoto Ya Tsaya a Zauren Barau

Barau mahauci ne, ɗan mahauci. A Maradun aka haife shi, amma tun yana saurayi ubansa ya turo shi Talata Mafara wajen wani ƙanen uban, don kasuwar nan ta fi cin nama. Teburina da nasa suna manne a rumfar mahauta tun kafin ɗayanmu ya yi aure. Sunana Zubairu. Na san tarin Barau, na san irin shirun da yake yi idan ransa ya ɓaci, kuma na san ba ya ƙaunar a fi shi. Ni ma ba na so, sai dai ni ina iya haɗiyewa.

A ƙuruciyarsa ɗan dambe ne, kamar yawancin 'ya'yan mahauta, har da ni. Da an gama girbi sai mu bi masu kalangu, yau Bakura, gobe Faru, jibi Dosara. A dambe, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, haka ake faɗa. Barau ya yi kisa da yawa. Shi ma an kashe shi, ko da yake waɗannan ba ya tuna su, kuma mu ma mun koyi mantawa idan yana kusa.

Da gwiwa ta fara ciwo ya bar fage, sai ya mayar da damben zaurensa. Shi ya fara kafa dish a unguwarmu. Bayan la'asar maza kan taru a kan tabarminsa, a sa kaset ɗin dambe, daga baya faifai, daga baya memori. Hoton duk hazo ne, amma ba wanda ya damu, don Barau na nan yana bayani. Yakan ce wancan ya buɗe haƙarƙari, yanzu za a kwantar da shi, kuma sai a kwantar da shi. Ya ji daɗin wannan zama fiye da yadda ya ji daɗin fagen kansa.

Ɗansa na fari sunansa Anas, amma ban taɓa jin sunan a bakin Barau ba. A wajenmu uba yana kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya tambayar labarinsa a gaban mutane. Barau ya riƙe wannan da ƙarfi, sai dai ya ce "yaron gidan nan" ko "wancan". Da yaron ya nuna yana son dambe, uban ya yi kamar bai gani ba. Wata safiya kawai na tarar da tsohuwar igiyar da yake naɗe hannu da ita a kan teburina. Na gane. Ni na koya wa Anas tsayuwa, ni na koya masa kare fuska, ni na sha naushinsa na farko a muƙamuƙi. Da ya tashi zaɓen sunan fage sai ya ce Shagon Barau, wato almajirin Barau. Abin ya ɗan sosa mini rai.

Anas ya yi suna har masu shirya damben zamani suka ɗauke shi zuwa Legas. Su ba sa buga faifai, kuma dish ba ya kamo su. A intanet kaɗai suke nunawa, kai tsaye. Samari suna kallo a waya, amma idon Barau ya yi rauni, kuma ko da yana gani, ba zai miƙa wuya kan wayar wani yaro ya ce a nuna masa ɗansa ba. Tun da Anas ya tafi, uban bai ga naushinsa ko ɗaya ba. Abin yana cinsa, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa.

Ana haka sai Lauwali ya samu talabijin.

Lauwali taubashin Barau ne, uwarsa ƙanwar uban Barau ce, don haka abokan wasa ne, duk abin da ya faɗa dole a yi dariya. Gidansa yana kallon na Barau, ɗan lungu ne kawai a tsakani. Hatsi yake sayarwa. Bai taɓa naɗe hannu ba, ko akuya ta harare shi sai ya kauce. Wani surukinsa da ke aiki a Abuja ne ya kawo masa ƙatuwar talabijin mai hoto tar, irin wadda ake kira fo-ke, da ɗan akwati baƙi da ke jawo kallo daga intanet, aka kuma kafa masa dogon ƙarfe a kan soro mai kamo sabis. Na shiga na gani sau ɗaya. Wallahi har gumin da ke gangarowa a wuyan ɗan dambe ana gani. Na fito ina jin haushin da ban san dalilinsa ba.

Majalisa ta fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya zo ya gaisa da Barau, ya ɗan taɓa tabarma, sai ya tuna yana da saƙo wajen Lauwali. Daga zaurensa Barau yana jin muryar mai hatsi tana tashi, wai shi ne ke bayanin yadda ake kisa. Wani lokaci har sunansa yake ji ana kira a can, idan Shagon Barau ya shiga fage. Shi kuwa ba damar ya tsallaka. Uba ba ya zuwa gidan wani ya zauna cikin jama'a don kallon ɗan fari. A zaurensa ne kaɗai zai iya, don a can sai ya ce baƙi ne suka kunna, shi yana aikinsa.

Wata ranar kasuwa Lauwali ya zo sayen nama. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi gida da gajiya da sanyin safe, sai ya jingina da teburin Barau.

"Barau, ɗana ya yi ƙiba," in ji shi. "Jiya na gane shi kamar in taɓa. Kai kuwa kana can kana kallon hayaƙi."

"Wane ɗa gare ka mai dambe?" Barau ya tambaya, yana yanka bai ɗago ba.

"Wanda ubanai ba ya iya faɗin sunanai. Ni ina iyawa. Anas. Ka ji? Anas. Wata mai kamawa za shi kara da wani ƙato na kudu, kowa na maganar. In aje maka wuri bayan ƙofa?"

Barau ya yi dariyar dole, ya ƙara masa tsoka a kan abin da ya saya.

A satin nan ya sayar da bijimin da yake kiwo don Sallah, muka hau mota zuwa Gusau. A wani shagon kayan lantarki, ga talabijin nan a jere, duk suna nuna kifaye masu launi suna yawo cikin ruwa. Barau ya duba su yadda yake duba sa a kasuwar shanu. Ya zagaya ta baya, ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya ya kanne ido. Tambaya ɗaya ya yi wa mai shagon, ko akwai wadda ta fi ta Lauwali faɗi. Ya ma zo da igiyar da ya sa aka auno masa ta Lauwali a ɓoye. Aka ba shi wadda ta ɗara ta da taƙi guda, da akwatinta. Mutumin da bai taɓa sayen dabba ba tare da ya tambayi abin da take ci ba, ranar nan bai tambaya ba.

Mas'ud mai gyaran sola ne ya zo ya haɗa. Ya gwada, ya leƙa waje, ya dawo ya durƙusa gaban Barau.

"Baba, abin ga data yaka ci, kuma sabis ɗin lungun ga ba shi da ƙarfi. Ƙarhe irin na Baba Lauwali sai an yi odarshi daga Kano, ba ya isowa kahin wasan. Amma in na rage hasken hoton kaɗan, zai tahi ba tsayawa."

"Na Lauwali an rage?"

"A'a, nashi na kan iyaka."

"To nau ma kai shi iyaka. Ban saida sa don a rage mani komi ba."

Mas'ud ya sake roƙo, Barau ya juya kai. Yaron mutane ya kai shi iyaka ya tattara kayansa. Da yake da hantsi ne, mutane suna gona da kasuwa, hoto ya tafi sumul, Barau ya dube ni kamar ya yi kisa.

Mutane sun zo ganin sabuwar talabijin, ba laifi. Sai dai abin kallon ne babu. Akwatin cike yake da finafinan Turawa da na wasu ƙasashe, wasu ma hoton da ke jikinsu kaɗai ya isa dattijo ya sunkuyar da kai. Abin da ya fito tar kuma ake iya kallo da suruki a gefe, duwatsun ƙanƙara ne da namun daji da kifayen nan. Da aka sa tsofaffin damben Barau na memori, faɗin gilashin ya watsa su, mutum ya zama kamar an shafa kunu a bango. Aka yaba, aka ce Allah ya sa alheri, aka kalli kifi na ɗan lokaci. Washegari kowa ya koma inda ya saba.

Barau bai karaya ba, don shi ranar wasan yake jira. Da ta zo, ya sa aka share zaure, aka shimfiɗa sababbin tabarmi, ya gasa balangu da hannunsa. Amma bai gayyaci kowa ba, don ba zai buɗe baki ya ce ku zo ku ga ɗana ba. Ya ɗauka ƙamshin nama zai yi masa magana. Su kuma mutane suna da nasu lissafin. A gaban uba dole su kame, ba ihu, ba kirari, ba kiran suna. A gidan Lauwali kuwa sai yadda maƙogwaro ya iya. Bayan la'asar muna ji suna wucewa ta ƙofa, takalma suna taruwa a can. Ni kaɗai na shigo.

Ya zauna ya ba talabijin gefe, ya ɗauko itace yana fiƙe tsinken tsire, wai aiki yake yi. Kalangu ya tashi daga Legas kamar a cikin ɗakin ake kaɗa shi. Anas ya fito, ya cika gilashin. Ya yi faɗi, kafaɗun na ubansa ne sak. Na ga idon Barau ya sulale gefe ya manne, wuƙar tana ta fiƙar iska. Turmin farko, wato zagayen farko, aka tashi ba kisa. Barau ya yi magana ƙasa ƙasa, kamar da tsinken yake.

"Shina sakin hannun kariya. Wa ya koya mai haka?"

Na ce ba ni ba.

Aka shiga turmi na biyu, daidai lokacin da duk garin ya hau waya. Ƙaton kudu ya matso, Anas ya ja naɗaɗɗen hannunsa baya, kyamara ta zo kan fuskarsa. Nan hoton ya tsaya. Wani ɗan zobe fari ya fito a tsakiya yana ta juyawa. Fuskar ta fito tar, har da wani sabon tabo a girarsa wanda ba da shi ya bar gida ba. Barau ya ajiye wuƙa, ya juyo gaba ɗaya, ya manta da ni, ya manta da kunya. Zoben yana juyawa, hannun yana sama.

"Zubairu," ya ce. "Rage shi."

Na ɗauki rimot, ban san ina ake ragewa ba. Na danna nan na danna can, Anas ya ɓace, kifaye suka fito. Kafin in lalubo hanyar komawa sai ihu ya fashe a gidan Lauwali, irin wanda ke girgiza ƙyaure. An yi kisa. Amma ihun murna da na takaici daga bayan bango duk ɗaya suke. Na yunƙura zan tsallaka in gano, sai na ji ya riƙe mini gefen riga. Yana tsoron in dawo da labarin, kuma yana tsoron a ga ya aika.

Da aka watse, mutane suka riƙa biyowa ta ƙofa. Kowa ya tsaya ya yi sallama, ya tambayi wuni, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya ce Allah ya bar zumunci. Barau yana amsawa yana binciken fuskokinsu. Ba wanda ya ce masa komai, don ba a kawo wa uba zancen ɗan fari, kuma kowa yana ganin mutunci yake yi masa. Na ji kamar in shaƙe su.

Daga ƙarshe Lauwali ya shigo, hularsa a karkace, muryarsa ta dishe. Ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya jawo farantin balangu, ya dubi kifaye.

"Taka ta hi tawa hwaɗi, gaskiya," ya ce yana tauna.

Ya haɗiye, sannan ya ci gaba.

"Ya kashe shi. Naushi guda, ƙaton ya zube. Sai anka kawo mai abin magana, ya dubi kyamara, ido cikin ido, ya ce shina gaida Baba da ke Mafara, ya san shina kallo."

Lauwali ya lashe yatsa, ya miƙa hannu ya ɗauki wata tsoka.

"Na duba ban gane ka ba. Sai na amsa."

Barau ya yi dariya, don taubashi ne ya faɗa, dole a yi. Sannan ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da fiƙe tsinken, har ya fiƙe shi ya ƙare a hannunsa.