Zanen goyon da na kai Vienna

Lokacin ruwa ne a Kuala Lumpur, kullum la'asar sai sama ta zubo. Shekarar ta yi mini tsawo a unguwar Sentul, wurin 'yata, don hankalina yana kan ɗana da ke Vienna, matarsa na da tsohon ciki. Ranar da aka bugo cewa ta sauka, mace aka samu, na tafi kasuwar Masjid India na zaɓo zanen goyo mai kauri. A gidanmu kaka ce ke fara goya jariri ranar suna.

Mun tashi da asuba ni da 'yata. Titin filin jirgi sumul, gonakin kwakwar manja hagu da dama, sai dai hadari ya riƙe jirginmu har hantsi. Wuni guda muka yi a sama. Na yi barci, na farka, na ci, na sake barci, muna nan dai. Muka sauka Amsterdam da yamma, jirgin Vienna ya riga ya tafi, suna kuma gobe da hantsi.

Na zauna na rungume zanen. A sanina, ƙasa zuwa ƙasa wuni ne.

“Shi ke nan, a ce musu su raɗa abinsu,” na ce.

“Haba Mama, boleh, zai yiwu! Akwai na asuba, ko awa biyu ba ya cikawa.”

“Ke dai lallashina kike.”

Aka ba mu masauki mai tsabta. Kuɗin shayi kofi ɗaya a wurin zai ciyar da mutum biyu a mamak, gidan abincin layinmu, har da tapau, na ƙunshewa a tafi da shi gida.

Da muka shiga jirgin safe na yi shirin doguwar tafiya: na cire takalmi, na sa safa, na lulluɓa da mayafi, na ɗauko carbi. Ta taga na ga gonaki kamar an ja su da zare, ga koguna, can gaba duwatsu da farin ƙanƙara a kai. Ikon Allah! Ban gama lazimina ba aka ce a ɗaura bel. 'Yata tana ta dariya, ni ina laluben takalmi a ƙarƙashin kujera.

Mun iske ana shimfiɗa tabarmi. Sunana aka sa mata. Na goya takwarata da zanen nan, ta yi lamo a bayana.

Mun dawo Sentul lafiya, ruwa na nan yadda muka bar shi. Abin da na koyo shi ne kada in yanke ƙauna da awon da na saba.

Washegari da safe na ari taswirar makarantar jikana, ɗan 'yata, na sa tabarau na nemo Amsterdam da Vienna da kaina. Yatsana ɗaya ya rufe su duka.