Jaririn da Na Yaba wa Haƙuri

A shekarun da na yi ina bin gidajen masu ciki da masu jego a Gombe, na shiga gidaje da yawa, kuma yawancinsu sun cuɗe mini a kai. Amma akwai ziyara guda, ta wata Laraba a Arawa, wadda har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

Ni ba ma'aikaciyar asibiti ba ce. Tela ce ni a Nasarawo, uwar yara huɗu. An zo unguwarmu ana neman matan da suka haihu suka yi goyo, waɗanda za su riƙa leƙa 'yan'uwansu mata a gida, sai mai unguwa ya ba da sunana. Aka yi 'yan makonni ana koya mana alamomin haɗari ga mai ciki da mai jego da jariri. Aka ba kowaccenmu jaka da kwalin hotunan alamomin da littafin rubuta abin da muka gani. Malamar da ta koyar da mu ta ce an zaɓi irinmu ne saboda mace takan faɗa wa 'yar'uwarta abin da ba za ta faɗa wa mai farin kaya ba. Lokacin da abin ya faru watana biyar ke nan a aikin, kuma na fara jin cewa na iya.

Wadda ke kula da wani yanki na Arawa ta yi tafiya, sai aka ƙara mini gidajenta. A cikinsu akwai gidan wata dattijuwa Bafulatana mai sayar da man shanu. 'Yar ƙaninta ce ta zo wurinta wankan gida daga Kwadon, domin mahaifiyar yarinyar ta rasu tun tana ƙarama. Haihuwar fari ce. Sau biyu na ziyarce ta kafin ta sauka, kuma duk maganar da ta yi mini a ziyarce-ziyarcen nan ba ta wuce gaisuwa ba. Komai na tambaya, goggon ce ke amsawa. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta.

Ranar Larabar kwana huɗu ke nan da haihuwa. Na isa da hantsi, na tarar an gama wankan safe, tsakar gida duk ƙanshin ganyen darbejiya. Goggo ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki, ta kawo mini kunun kanwa. Mai jego na zaune a bakin gado, ta juya baya ga jaririn, shi kuma yana can ƙuryar gado a naɗe cikin zannuwa.

Wannan bai ba ni mamaki ba. Kowa ya san kunyar ɗan fari, kuma a gidajen Fulani ta fi ƙarfi. Uwa ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta ambatonsa, ba ta nuna ta damu da shi. Ni ma na yi wa nawa, ko da yake bai kai haka ba.

Na buɗe littafi na fara bin tambayoyi. Jini ya ragu? Ya ragu, in ji Goggo. Zazzaɓi fa? Babu. Ciwon kai? Babu. Na ce, "Goggo, baƙon namu fa, yana kama nono?"

Ta ce, "Yana kamawa mana. Ai ban taɓa ganin yaro mai haƙuri irin wannan ba. Kwana biyun farko ne ya dame mu da kuka, amma tun jiya barcinsa kawai yake yi."

Na ce, "Masha Allah, kun yi dace. Nawa na farin sai da ya yi wata uku yana hana gida sakat."

Haka na faɗa, da bakina, kuma na sa alama a littafi cewa yana shan nono. Na so in ɗauke shi in duba, amma Goggo ta ce yanzu aka gama gasa masa cibi ya samu barci, ni kuma ban so in zama baƙuwar da ke tayar da jaririn mutane. Na leƙa fuskarsa daga inda nake tsaye. Ƙaramar fuska ce, ido a rufe. Na yi masa addu'a na ɗauki jakata.

Abin da ba ta taɓa yi ba, ranar sai mai jego ta tashi ta rako ni har zaure. Da muka ɓace wa Goggo sai ta tsaya, ta ce a hankali, "Adda, nonona yana mini ciwo."

Na duba. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, nonon ya cika ya yi tauri kamar dutse. Na ce mata wannan ba komai ba ne, haka yake yi wa kowa idan ruwan nono ya kawo. Ta riƙa gasawa da tsumma mai ɗumi, ta ɗan tatse kafin ta ba shi. Ta dube ni kamar za ta ƙara wata magana, sai ta ce, "To, Adda." Ta koma ciki.

Na tari keke a bakin titi. Ina tuna har muna hira da wata mata a ciki kan tsadar gawayi. Mun yi nisa sosai kafin maganganun biyu su haɗu a kaina. Jariri yana barci tun jiya, ba ya kuka. Nonon uwarsa ya cika har yana zuba. Idan yana sha, me zai hana nonon ya ragu? A kwalin hotunan da ke cikin jakata, alama ta farko a shafin jarirai ita ce jaririn da ya daina kama nono, ta biyu kuma wanda barci ya yi masa yawa. Na haddace su, na ci jarrabawa a kansu. Aka faɗa mini duka biyun a gida ɗaya, na ce masha Allah.

Na ce wa mai keke ya tsaya. Na tsallaka titi na hau acaɓa, abin da na daɗe ban yi ba.

Goggo tana gyaran shinkafa na yi sallama. Ta ce, "Malama, mantuwa kika yi?"

Na ce, "E, Goggo. Ban ɗauki yaron ba. Ki yi haƙuri, sai na ɗauke shi."

Ban jira amsarta ba na shiga ɗaki. Na warware zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Jikinsa zafi rau. Cibin ya yi ja ya kumbura, jan ya fara yaɗuwa a fatar ciki, kuma da na matso da hancina akwai wari. Na ɗaga hannunsa na saki, ya faɗi kamar tsumma. Na murza tafin ƙafarsa, da ƙyar ya motsa baki, ko sauti bai yi ba.

Na ce, "Goggo, ba haƙuri ba ne. Ba shi da lafiya, ƙarfin kukan ne babu. Asibiti za mu kai shi yanzu."

Ba ta yi mini gardama kan rashin lafiyar ba, domin ita ma ta taɓa shi ta ji. Abin da ta ce shi ne yaro ba nata ba ne, amana ce. Ba a yi suna ba, uwarsa ɗanyen jego, yaya za ta fitar da su ba da sanin ubansa ba? Idan wani abu ya faru a hanya, me za ta ce wa mutanen Kwadon? A lokacin na ji haushinta. Yanzu da na aurar da 'yata, na san nauyin da take magana a kai.

Muka kira uban yaron, wayar ba ta shiga. Muka kira wansa, ya ce ƙanin nasa yana gona, bari ya aika a kira shi. Muka zauna muna jira, jariri a cinyata. Bayan wani lokaci sai ga kiran uban yaron. Goggo ta yi masa bayani da Fulatanci, sannan ta juyo ta ce mini ya ce a jira shi, zai shigo bayan la'asar ya gani da idonsa. Ya ce jiya da ya kira an ce masa yaro yana shan nono lafiya.

Duk wannan abu mai jego na tsaye a jikin ƙofa. Sai muka ji muryarta, ba da ƙarfi ba, kuma ba ta dubi kowa ba.

"Tun jiya da safe bai sha ba. Ina sa masa, ba ya kamawa."

Goggo ta juya ta dube ta. Ta ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Goggo ta mayar da waya kunne ta yi magana gajeriya. Daga baya ta gaya mini ce masa ta yi ita ta ɗauki nauyi, ya same su a asibiti. Ta ɗauki mayafinta, ta karɓi yaron daga hannuna, ta miƙa wa uwarsa. Ranar na fara ganin shi a hannunta.

A asibiti ba a bar mu a layi ba. Nas ɗin da ta karɓe shi ta tambaye mu yaushe ya daina sha, aka faɗa mata, ta wuce da shi da sauri. Kwana tara suka yi. Da farko uwar ke tatsar nono ana ba shi ta wata siririyar roba a hanci, a kwana na huɗu ya kama da kansa. Ranar suna aka yanka rago a Kwadon, mai sunan yana gadon asibiti. Uban ya iso tun ranar farko da yamma, takalminsa duk laka. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya yi mini godiya, ni kuwa na amsa a gajarce, domin na san abin da ke rubuce a littafina.

Da na kai rahoto ƙarshen mako, ban goge alamar ba. Na ja layi a kanta, na rubuta gaskiyar a gefe, na nuna wa malamarmu. Ta karanta, ta tambaye ni wa ya amsa mini tambayoyin. Na ce goggon. Ta ce, "To ai goggon kika ziyarta." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Yaron ya rayu. Bara na gan shi a wani biki, ya shiga firamare, ba ya zama wuri ɗaya. Uwarsa ta ƙara biyu bayansa, kuma har yau idan muka haɗu ba mu tayar da zancen.

Abin da na koya shi ne, shiga gida da yin tambaya ba su ne ziyara ba. Yarinyar nan ta faɗa mini gaskiya a zaure, ta hanyar da tarbiyyarta ta yarje mata: ba za ta iya cewa ɗanta ba ya sha ba, sai ta nuna mini nonon da ba a sha ba. Ni ce ban ji ba, saboda na riga na rufe littafi. Tun daga ranar ba na fita daga gidan jego sai na keɓe da uwar ita kaɗai, kuma sai na warware jariri na riƙe shi a hannuna, ko barci yake yi, ko wa zai ji haushi. An sha cewa na cika naci. Na yarda a ce haka.