Telan da Ke Tsofar da Hoto

Shekara ashirin da ɗaya ina zaune da buhunan albasata ina fuskantar rumfar Ɗan'iya tela a kasuwar Malanville, don haka ba wanda zai ba ni labarinsa. Mutumin Madécali ne, ya shigo gari da tsohon keken ɗinki ɗaure a bayan babur, siriri, ga surutu ga taurin kai. Ɗinkinsa ba shi da makusa. Alkawarinsa ne dai kada ka riƙe, in ya ce maka Laraba, ka zo Asabar.

Da ya sayi babbar waya sai wata sabuwar cuta ta kama shi. Ya samo manhajar da ke mai da sabon hoto tsoho: ta zuƙe kalar ta bar fari da baƙi, ta yi masa ƙarce-ƙarce, gefensa ya zama kamar gara ta taɓa. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya sa shi ya saka, ya ɗauke shi, ya tsofar da hoton, ya ɗora inda duk mai lambarsa zai gani. Wai haka mutum ke fitowa da kwarjini irin na attajiran da. Na sha gaya masa mu nan ba ma cire wa mai rai kala. Hoto fari da baƙi a waya sanarwar rasuwa ce, kafin a karanta rubutun ƙasa an fara salati. Sai ya yi dariya ya ce ni 'yar ƙauye ce, ai yana rubuta "sabon ɗinki" a ƙasa.

A shekarar da aka rufe gadar kan iyaka, tsallaka mutane zuwa Gaya, ƙetaren gulbi, ya koma hannun masu jirgin ruwa. Biyu daga cikinsu, Khalidu ɗan ƙauyen Garou da Rachidi, sun yi cacar baki kan layin fasinja ranar wata Alhamis. Rachidi mai zafin baki ne, ya ce sai ya kife da Khalidu a tsakiyar gulbi, kuma kowa a tashar jirage ya ji.

Washegari da hantsi Khalidu ya zo ya karɓi rigarsa. Ɗan'iya ya ɗauke shi, ya tsofar da hoton, ya ɗora. Wata mata ta tsaya masa a kai tana masifa kan zanenta, rubutun ƙasan nan bai yi shi ba. Khalidu kuwa ya tsallaka Gaya, inda layin wayarsa ba ya shiga.

Yayyensa biyu a Garou suka ga hoton. Suka kira shi, shiru. Suka kira Ɗan'iya, wayar na cikin aljihun rigar da ya rataye, shi yana masallacin Juma'a. Ba su sake tambayar kowa ba, suka hau babur da adda.

Ɗan'iya na dawowa rumfa wani ɗan kabu-kabu ya tsaya yana haki, ya ce ana kashe Rachidi a bakin gulbi, wai ya nutsar da Khalidu, ga hoton mamacin nan a waya. Na ga fuskar Ɗan'iya ta zube. Ya fizgi wayar ya fita ba takalmi, na bar albasata na bi shi.

Mun tarar sun jawo Rachidi daga jirginsa zuwa cikin laka. Babban yayan yana maka masa filafilin tuƙi a haƙarƙari, har itacen ya tsage. Ƙaramin ya riga ya sare shi a kafaɗa, jini ya rina ruwan da ke gefensa. Rachidi na rantsuwa, bakinsa cike da laka. Mutane sun fi hamsin a tsaye, ba wanda ya motsa, don duk sun ga hoton, duk sun yarda. Har yau in na tuna wannan tsayuwar raina ɓaci yake.

Ɗan'iya ya kutsa yana ɗaga wayar sama.

"Ku tsaya, don Allah. Shina da rai. Ni na yi hoton ga, yau da hantsi."

Ba su ji ba, ko ba su so su ji ba. Ya faɗa kan Rachidi ya kare kansa da hannu, addar ta sauka ta tafi da yatsunsa biyu na dama. Da hannun hagu ya lalubo hoton na asali, mai kala, ya tura wa babban yayan a ido. Mutumin ya duba, ya sake dubawa, filafilin ya faɗi daga hannunsa.

Rachidi bai kai likita ba, ya cika a cikin mota. Da la'asar jirgin Khalidu ya iso da fasinja, yana tambayar abin da ya tara mutane.

Jandarma suka tafi da yayyen. Ɗan'iya ya kai kansa har sau biyu ya ce a rufe shi, suka ce ba dokar da ya karya, ya tafi gida. Yana nan yana ɗinki da yatsu uku, a hankali, surutun nan duk ya ƙare.

Ranar sadakar uku ya je gidan makoki, hannunsa a naɗe. Ya durƙusa gaban mahaifin Rachidi, ya faɗa masa komai, ya ce ya yi masa duk hukuncin da ya ga dama.

"Kai dai ka yi wasanka, tela," in ji tsohon. "Tashi, mutane na jiran wurin zama."