Wandon da Na Shiga Su da Shi

Mu mutanen unguwar marina ba mu san ruwa ba sai na karofi. Hutunmu dara ce a gindin tsamiya, kusa da ƙofar ganuwar Haɗejiya, muna kallon ayarin fataken Barno suna shigowa. Masunta kuwa a bakin kogi suke, kuma ko hutawa za su yi sai sun jiƙa ƙafa. Da la'asar yaransu na tsere a kan gora, tsofaffi na gyaran homa suna yi wa kowa ba'a. A can na ga yarinyar da na aura, ranar da na je wanke shuni daga hannuna.

Al'adarsu ce, idan rani ya yi, ruwan fadama ya janye, Sarkin Ruwa ya buɗe su, wato kamun kifi na gayya, a tafkin da ke hanyar Auyo, kowane sabon ango ya kamo kifi da hannunsa ya kai wa surukarsa. Wanda ya dawo hannu sake, 'yan matan unguwar za su saka shi a waƙa har wata shekara. Wannan waƙar nake tsoro, don na ji yadda suka yi wa wani maƙeri, har ya daina bin hanyar kogi.

Da na ji an ce taro ne, sai na yi shirin taro. Na ɗauko bujena, wandon nan mai faɗi, wanda na rina da kaina na kai wa mabuga. Matata ta dube ni, ta ce kowa da bante yake shiga. Na ce ita ba ta san darajar marini ba.

Surukina ya ba ni homa da gorarsa, ya ce in kwanta a kan gorar da ciki, in rufe bakinta, in riƙa tuƙi da hannu. Kwanciya a gaban jama'a ta yi mini nauyi, sai na hau na zauna kamar a kan jaki. Ana buga ganga aka ruga cikin ruwa, gorar ta juye da ni. Homa ta tafi nata wuri. Wandon ya sha ruwa ya buɗe, mazagin ya saki, ruwan da ke kewaye da ni ya koma shuɗi. Masu kallo a gaɓa suka yi ta dariya har da masu zama ƙasa.

Da ƙyar na rarrafo gaɓa ina riƙe da ƙugu, raina a ɓace. Sai na ji wani abu yana motsi a ƙafar wandon, inda ta tsuke a idon sawu. Tarwaɗa ce, ƙatuwa, hayaniyar masunta ta koro ta ta faɗa ciki. Sarkin Ruwa ya ce ai an kama, ba ruwan al'ada da abin da aka kama da shi.

Na kai kifin zauren surukata na durƙusa. Kunya ba ta barin ta yi mini magana, sai na ji ta daga bayan zana tana ce wa 'yarta, muryarta na rawa don dariya: "Ki ce masa Allah ya yi albarka. Baɗi ya zo da wando biyu."

Waƙar dai sai da aka yi ta, amma ni ma ina cikin masu amshi.