Alvin Duchek, Mai Aurar da Ceri, Ya Kwanta Dama

Ranar Talata, ashirin da biyu ga watan Afrilu, da hantsi, 'yarka Marcy ta kira ni a waya ta ce, "Gwaggo Loretta, Baba ya tafi." An same ka zaune a gindin wata ceri, itaciyar nan mai ƙananan 'ya'ya masu zaƙi, a gonarka ta bakin tafki, wuƙarka a hannu. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya.

Alvin, maƙwabcina, duk wannan yanki namu na Leelanau kai kaɗai ka rage wanda ya iya aurar da ceri yadda ya kamata, wato haɗa reshen wata a jikin wata har su zama ɗaya. Yanka reshe kowa ya iya, amma ceri itaciya ce mai taurin kai. In ba ta ga dama ba, sai ta yi ta zubar da ƙaro har baƙon reshen ya bushe. A hannunka kuwa ba ta gardama. Kakan ce, "Ni fa auren da na ɗaura bai taɓa zuwa gaban alƙali ba." Marigayiya matarka Dolores sai ta ce, "Na gidanka zai fara zuwa, in ka sake shigo mini da kakin zuman nan na liƙe reshe a wando."

Ba zan manta da shekarar da mijina Ray ya rasu ba. Dusar ƙanƙara ta yi zurfi, ɓeraye suka shige ƙarƙashinta suka gwaigwaye ɓawon ƙananan itatuwanmu, suka zagaye gindi kaf. Da ta narke na ga farin itace tsirara, layi bayan layi, sai na zauna a ƙasa. Ban kira ka ba. Washegari na hango ka durƙushe cikin taɓo, kana cusa siraran rassa, baki ɗaya a ƙasan raunin, ɗaya a sama, kamar gada, don ruwan itacen ya samu hanyar hawa.

Na ce, "Alvin, bar su, sun riga sun mutu."

Ko ɗagowa ba ka yi ba. Ka ce, "Yaushe kika zama likita? Je ki dafo mini kofi, amma ban da irin na Ray mai kama da ruwan wanki."

Har gwiwarka ta kumbura ba ka fasa zuwa ba. Yawancinsu suka rayu, kuma da su na raini 'ya'yana.

Ka so ka bar sana'ar a hannun wasu. Duk shekara kakan kafa tebur a bayan coci kana koyarwa kyauta. Da can sai an yi turereniya. Bara mu biyu ne muka zo, duk tsofaffi. Ban ga laifin matasa ba. Zafi ya zo da wuri, fure ya buɗe, sanyi ya dawo ya ƙone shi. Abin da ya tsira, ƙuda ya lalata. Abin da ƙuda ya bari, masu saye su yatsine fuska. Gona bayan gona ana tumɓukewa ana gina wa baƙi gidajen hutu.

Akwai abin da gara da ba ka gani ba. Tsohuwar rawayar cerin nan ta kakarka, wadda babu irinta ko'ina, da guguwa ta kayar da ita ka yanki rassanta na ƙarshe ka ajiye cikin jiƙaƙƙen garin katako a firjin rumfarka, kana jiran lokacin aure. Bayan jana'iza, dangi na gyaran wuri, wani ya kashe firjin bai sani ba. Shekaranjiya Marcy ta kawo mini su a ƙunshe, ta ce, "Gwaggo, ko za ki gwada?" Na kankare ɓawonsu da farce ɗaya bayan ɗaya, ban samu kore ba. A nan ta gaya mini an sayar da gonar, ana gama tsinkar bana katafila za ta shiga. Tawa gonar ma na san ba za ta daɗe ba.

Allah ya jiƙanka, Alvin, ya gafarta maka, ya saka maka da alherin da ka yi wa mutane da itatuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Marcy da ƙanenta Glenn da jikokinka duka. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Mu da muka rage a gonakin nan, Allah ya kyautata namu zuwan, don shi kaɗai muke jira yanzu.