Ranar da Na Gaji da Gaske

Har in mutu ba zan manta ranar da na gaji da gaske a kan dutsen Eggon ba, mijina kuma ya ƙi yarda. Ban yi karatu ba, 'yata ce ke rubuta muku, ku masu hawa da baƙi yanzu. In kuka ya tsayar da ni, ku yi haƙuri.

Mijina, marigayi Ɗanladi, shi ne jagora, ni ce mai girki. Mukan bar Lafiya da rana, mu kwana a wani kufai a tsakiyar dutse, da asuba mu ƙarasa sama don baƙi su ga fitowar rana. Amma ina da wani aikin da baƙi ba su sani ba. Babban mutum ba ya cewa ya gaji a gaban abokansa. Saboda haka in Ɗanladi ya ji numfashin wani ya canza, sai ya sosa ƙeya. Ni kuma in zube, in ce wayyo ƙafata. Ya hau faɗa: "Matar nan za ta kashe ni! To, ku zauna." Kowa ya huta da sunana.

Ƙarshen wata damina muka hau da dillalan doya. Cikinsu akwai Alhaji Sabo, mai ƙaton tumbi, wanda abokansa suka rantse ba zai kai ba. Na yi ta zubewa dominsa har suka sa mini Uwar Raki.

Da asuba, saura kaɗan mu kai, tsakuwa ta kwashe ni da tukunya a kai, ƙafata ta gurɗe. Na zauna. Ɗanladi ya dubi baƙi, ya ga ba mai haki.

Ya matso ya raɗa mini, "Talatu, ban sosa ba fa."

Na ce, "Baban Ladi, wannan ta gaske ce."

Ya ce, "Na san kin iya. Tashi, rana za ta riga mu."

Hawaye na zuba, shi yana ganin gwaninta ce. In na taka ƙafar nan, ni da hawa dutse har abada.

Sai Alhaji Sabo ya zauna daɓas, ya tare hanya. Ya ce, "Jama'a, na gaji. Ku yi dariyarku." Suka yi kuwa. Sannan ya dubi mijina. "Malam, tun jiya kake susar ƙeya, ko kwarkwata gare ka? Duba ƙafar matarka."

Ɗanladi ya durƙusa, ya ga kumburi. Ya yage gefen rigarsa ya ɗaure mini. A nan rana ta fito ta same mu. Daga baya Alhaji ya kai sama, da tukunyata a kansa.

Ku 'ya'yana, ku saurari numfashin baƙo, amma ku riƙa waiwayar naku. Tun ranar, Ɗanladi sai ya saci kallon ƙafata kafin ya fara faɗa. Bara Allah ya karɓi abinsa. Yanzu kullum a gajiye nake, ba mai yi mini faɗa.